Wasan da ke koya wa yara Turanci ba tare da alli ba

Assalamu alaikum malamai 'yan'uwa. Ga wata shawara ga masu koyar da Turanci a ƙananan azuzuwa, musamman yara 'yan shekara biyar zuwa takwas.

Ku jarraba wasan Simon Says. Malami ya tsaya gaban aji ya ce "Simon says touch your nose", yara su taɓa hanci. In kuwa ya ce "touch your ear" kawai bai ambaci Simon ba, duk wanda ya taɓa kunne ya faɗi. Amfaninsa shi ne yaro yana jin kalma yana aikata ta da jikinsa tun kafin bakinsa ya iya furta ta. Da farko ku riƙa yi tare da su, daga baya ku naɗe hannu ku bar kunnuwansu su yi aiki. Wani lokacin ma ku ambaci hanci amma ku dafa gwiwa. Nan za ku gane wa ke sauraro, wa ke kwaikwayonku kawai.

Abin da ban goyi baya ba shi ne fitar da wanda ya kuskure. Yaron da ya fi buƙatar maimaici shi zai fara fita, ya koma gefe yana tsokanar na kusa da shi. Gara a kira shi gaba ya ba da umarni na gaba, ko da sai kun raɗa masa a kunne.

Kada sababbin kalmomi su wuce biyar ko shida a zama ɗaya. Minti goma ya isa, ku tsayar tun suna marmari.