Yadda za ki taimaki mai ciki ko mai jego da mijinta ke duka

Idan maƙwabciyarki mai juna biyu ta daina zuwa awo, ko kin je barka a Shari'u Mansur da ke Makka kin tarar da mai jego ta ja mayafi ta rufe kumburin gefen idonta tana cewa ƙofa ce ta buge ta, kada ki rufe maganar da "ki yi haƙuri, zaman aure ke nan". Dukan mai ciki yana iya jawo ɓari, ko rabuwar mabiyiya da mahaifa, ko haihuwar bakwaini, kuma wallahi abin yana ci mini rai yadda muke gani mu kau da kai.

Ki fara neman keɓewa da ita, ba a gaban mijin ko danginsa ba, ki tambaye ta a hankali: "Ƙanwata, hankalinki kwance yake a ɗakin nan?" Idan ta buɗe baki, ki yarda da abin da ta faɗa, kada ki tambaye ta laifin da ta yi masa.

Daga nan sai maganar jikinta, domin ita ce ba ta jira. In tana zubar da jini, ko mararta na murɗawa, ko motsin ɗan ya ragu, ki kira motar asibiti ta Saudiyya a lamba 997 nan take. In kuwa mijin ya taɓa shaƙe mata wuya, ki sani ranta ne ke cikin haɗari, ko da babu tabo.

Saudiyya ta kafa dokar kariya daga cin zarafi a 2013, wadda ta tanadi ɗauri da tara, ta kuma hana bayyana sunan mai kai rahoto. Lambar kai rahoton ita ce 1919, dare da rana. 

Ki ajiye mata hoton fasfo da iƙama (takardar izinin zama) da katin awo a wurinki, da 'yan riyaloli, sannan ku tsayar da wata kalma wadda in ta turo miki ta waya, kin san lokacin ƙwanƙwasa ƙofarta ya yi.