Yadda sabon laftana zai tafi da tsohon samanja da kuma yaran waya

Idan ka gama makarantar hafsoshin sojan Ghana ta Teshie aka maƙala maka anini ɗaya a kafaɗa, to duk inda aka tura ka, ko Burma Camp nan Ankara ko barikin Uaddara a Kumasi, mutane iri biyu za ka tarar kuma kowanne da yadda ake bi da shi.

Fara da samanja. Mutumin nan ya kusa sa'an babanka, ya je aikin kiyaye zaman lafiya a Labanan ya dawo, waɗanda suka koya masa aiki su ne 'yan ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, da suka shiga Laberiya a 1990, a gunsa oda oda ce ba a tambayar dalili. Zai sara maka dole, doka ce, amma girmamawa ta gaske sai ka nema. Satin farko kar ka canza komai, ka kira shi ofis ku biyu ka rufe ƙofa ka ce samanja ya kuke yin abu kaza a nan, ka yi shiru ka ji. Shi ya san wanda matarsa ke kwance a asibitin sojoji na 37, da wanda bashi ya cinye masa albashi tun kafin wata ya raba. In ya yi kuskure kar ka kuskura ka gyara masa a filin fareti gaban kurata, wallahi ka gama da kanka. A waje kuma kai ke ba da oda, ko da unguwarku ɗaya a Nima kana ce masa baba ranar sallah, cikin kaki samanja ne.

Su kuma yaran da suka fito daga makarantar horar da kurata ta Shai Hills, yawanci sun gama sakandare, wasu ma da difloma, kuma komai sai sun ce me ya sa. Tsofaffi na ganin raini ne, ni ban ga haka ba. In da lokaci ba su dalili a taƙaice, aikin ya fi kyau, amma ka faɗa musu tun farko akwai ranar da babu bayani sai gudu. Gwale-gwale kullum ba ya gyara su, ɓoye maka abu kawai za su koya.

Maganar waya kam kar ka yi sassauci. Hoto a bakin aiki, TikTok cikin kaki, tura inda ake a guruf ɗin WhatsApp, duk ka hana, kuma kai da samanja ku tsaya tare ranar da za a faɗa, wayarka kai ma tana aljihu.