Yadda za ka riƙe amanar majinyaci in annoba ta ɓarke

Ƴan uwa ma'aikatan jinya, musamman ku da 2020 ba ta same ku a bakin aiki ba, ga abin da korona ta koya min a nan Kano, tun watan Afrilu da aka kulle gari ga azumi ya kama.

Kar ka kori mutum daga bakin geti don kawai yana tari. Lokacin nan tsoro ya sa an yi ta mayar da masu hawan jini da ciwon suga, ni da idona na ga wani dattijo kwance a bayan adaidaita sahu, ɗansa na cewa "Sista don Allah ki duba Baba", asibiti uku sun ƙi karɓarsa, ashe suga ce ta faɗi masa. Sa takunkumi da safar hannu, ware shi gefe, ka auna shi. Kayan kariya kuma haƙƙinka ne, ka nema da babbar murya.

In tulun oksijin ɗaya ne mutum uku na haki, nan ne wuya take. A maƙala musu na'urar yatsa mai auna oksijin a jini, a ba wanda ya fi buƙata kuma ake ganin zai amfana, ba wanda wani babba ya bugo waya a kansa ba. Kar ka yanke kai kaɗai, kira likita da babbar nas ku rubuta dalili a fayil.

Sakamakon gwaji kuwa na mai shi ne da jami'an da ke bin sawun cutar. Ban da guruf ɗin WhatsApp, wallahi suna ɗaya ya fita sai unguwa ta ƙaurace wa gida guda.

Sai neman yarda. Kanawa ba su manta 1996 ba, da kamfanin magani na Pfizer ya saka yara kusan 200 a gwajin maganin Trovan lokacin sanƙarau, ga kuma dakatar da rigakafin shan inna a 2003, don haka in uwa ta ja baya kar ka daka mata tsawa. Zauna ka yi mata bayani da Hausa, me allurar rigakafin ke yi, wane zazzaɓi ko ciwon hannu zai iya biyo baya, in ta ce sai ta tambayi maigida ka bar ta ta je, ka faɗa mata ranar da za ta dawo.