Sabon zuwa Koriya ta Kudu: ka fara da koren akwati

Ranar da ka sauka a filin jirgin Incheon, wayarka ce za ta fara ba ka kunya. Taswirar Google da ka saba da ita ta daɗe ba ta nuna hanyar ƙafa ko ta mota a ƙasar nan yadda ya kamata, domin gwamnati ta shafe shekaru tana hana fitar da cikakkun bayanan taswira waje saboda tsaro. Ka tuna tsagaita wuta kawai aka yi da Koriya ta Arewa a 1953. Saboda haka, ɗan'uwa, tun kafin ka nemi katifa da tukunya, sauke Naver Map, wato taswirar Naver, da Papago, manhajarsa ta fassara.

Naver shi ne babbar ƙofar intanet ta 'yan Koriya. Wasu tsofaffin ma'aikatan Samsung ne suka kafa shi a 1999 ƙarƙashin Lee Hae-jin, hedikwatarsa na Seongnam, kudu da Seoul. Akwatin bincikensa kore ne, har a tallar talabijin za ka ga an zana shi an rubuta kalmar da ake so ka nema. A ciki ake karanta labarai, a yi sayayya, a kama layin likitan haƙori ko wanzami, a biya da Naver Pay. Lokacin korona, da shi da Kakao, wani kamfanin intanet na ƙasar, ake nuna lambar shiga gidan abinci, ta nan kuma ake kama ragowar allurar rigakafi. Hira kam ta KakaoTalk ce, wannan wani gida ne daban.

Inda gizo ke saƙar shi ne tantancewa. Buɗe asusun Naver ba wuya, amma biyan kuɗi da yawancin hidimomi sai an tabbatar kai ne, ta layin waya da aka yi wa rajista da katin zamanka. Katin nan dole ka nema cikin kwana 90 da shigowa. Idan ka je sayen layi, tsaya a kan ma'aikacin har ya rubuta sunanka daidai da yadda yake a katin: sunan mahaifi a gaba, manyan baƙaƙe, tazara a inda take. Ni wani mai shago ya haɗe mini sunaye biyu wuri ɗaya, na yi kusan wata guda na'ura na cewa ba ta san ni ba, ko kaza ban iya oda ba sai da katin abokin ɗakina. Mu masu Muhammad da Abubakar da Abdullahi a jere cikin fasfo, wannan ciwon namu ne. Da zarar an gyara, ka rubuta sunan a takarda ka ajiye, kullum haka za ka shigar da shi.

Sai bincike. Taswirar tana da Turanci, amma Naver da Koriyanci yake tunani. Ka koyi baƙaƙen Hangul, wato rubutun Koriyanci, mako ɗaya ya isa ka fara haɗa su. Rubuta 할랄 ka ga gidajen abincin halal na kusa da kai, 기도실 kuma ɗakin sallah. Babban masallacin Seoul yana Itaewon, tun 1976 aka buɗe shi, a gangaren da ke ƙasansa ake samun nama da kayan miya. A kanti kuwa ka ɗora kyamarar Papago a bayan leda, ka nemi 돼지고기, wato naman alade, yana ɓuya har a taliya da biskit. Papago ba ya jin Hausa, sai ka bi ta Turanci, amma yana da maɓallin lafazin girmamawa. Kunna shi kafin ka aika wa farfesa ko mai gidan haya saƙo, domin su ma ba sa wasa da girman na gaba. Wata dabara: idan sunan wuri ya gagare ka, sa lambar wayarsa a taswirar, zai fito. Kuma ka lura da lambar ƙofar fita a tashar jirgin ƙasa, da ita ake kwatance a nan.

Amma kada ka ɗauki duk abin da ya hau sama a matsayin gaskiya. Layukan farko galibi talla ne. Rubuce-rubucen yabon gidan abinci da yawa an biya masu su, ka gangara ƙasa za ka ga ɗan rubutun da ke cewa 협찬, wato ɗaukar nauyi. Na fi yarda da ra'ayin waɗanda suka nuna rasit. Haka kasuwar kayan hannu ta Joonggonara, da ta fara a matsayin zaure cikin Naver a 2003: akwai araha, akwai 'yan damfara. Kada ka tura kuɗi kafin ka ga keke ko firij da idonka.

'Yan ƙasar da kansu sun san ƙarfin wannan kamfani ya kai a yi hattara. A 2018 aka bankaɗo wata ƙungiya da ke amfani da manhaja tana kumbura ra'ayoyin siyasa a ƙarƙashin labaran Naver, shari'ar da ta kai gwamnan lardin Gyeongsang ta Kudu, Kim Kyoung-soo, gidan yari a 2021. A 2021 ɗin ne kuma Naver ya cire jerin kalmomin da aka fi nema, bayan doguwar taƙaddama kan yadda ake juya shi. Idan ka fassara wani labari kan baƙi ka ga maganganu masu zafi a ƙasansa, kada ka auna maƙwabcinka da su.

Batun biza da izinin aikin wucin gadi kuwa, kada ka dogara da amsar wani a Knowledge iN, dandalin tambaya da amsa na Naver, ko da ta yi kama da ta masani. Kira 1345, layin hukumar shige da fice, akwai masu amsawa da Turanci.