Yadda Ake Zaɓen Akwatin Hannu Mai Taya Ga Mai Yawan Hawa Jirgi

Tun kana gida aikin yake farawa. Ɗauko tsofaffin tikitocinka ka duba jiragen da ka fi hawa, domin kowane kamfani da nasa awon. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ce kada akwatin da za a shiga da shi cikin jirgi ya wuce santimita 56 a tsayi, 45 a faɗi, 25 a kauri, amma shawara ce kawai. British Airways na bin wannan awon. Manyan kamfanonin Amurka sun tsaya a inci 22 da 14 da 9. Turkish Airlines da Lufthansa na karɓar santimita 55 da 40 da 23, nauyi kilo 8. Ethiopian Airlines da Emirates da Qatar Airways kuwa kilo 7 suke ba mai ƙaramin tikiti, kuma awon Qatar a tsayi santimita 50 ne. Cikin jiragen da kake hawa, wanda ya fi matsewa shi za ka bi. Ka leƙa shafinsu na intanet kafin ka fita, don sukan sauya ƙa'ida.

Daga nan sai ka ari tef ɗin awo wurin tela, ka nemi ɗan sikelin hannu mai ƙugiya, ka jefa su a aljihu. Mai shago zai ce maka, "Alhaji, wannan inci 20 ne, ko'ina yana wucewa." Ba lallai ƙarya yake yi ba, sai dai sau da yawa jikin akwatin kaɗai aka auna. Su kuwa ma'aikatan filin jirgi daga ƙasan taya suke farawa har saman mariƙi, kuma idan suka ce ka zura shi cikin kejin ƙarfen nan da ke gefen kanta, taya ce ke fara maƙalewa. Ka tsayar da akwatin a ƙasa ka auna da kanka.

Sai nauyi, wanda yawancin masu saye ba sa ko tambaya. Rataya akwatin a sikeli babu komai a ciki. Idan kilo 7 aka ba ka, shi kuma akwatin ya cinye 4, saura 3, kwamfuta da cajarta za su ɗauki kusan 2, ka ga ko kaftani biyu da hula sai da dabara. Ka nemi wanda ke tsakanin kilo 2 da 3. A nan ne nake raba gari da akwatunan alminiyam masu ƙyalli: suna da kyau, suna da ƙwari, amma yawancinsu sun haura kilo 4, ga tsada, ga lotsawa da ba ta komawa.

Game da jikin akwati, akwai mai tauri akwai na yadi. Masu taurin ba roba ɗaya ba ce, ko da yake a ido duk kamarsu ɗaya. Wadda aka rubuta wa ABS ita ce mafi araha, ita ce kuma ke saurin tsagewa, musamman a kusurwa. Folikabonet (polycarbonate), wadda kamfanin Rimowa na Jamus ya fara yin akwati da ita a shekarar 2000, tana lanƙwasa ta dawo. Folifirofilin (polypropylene) ma tana da juriya, ga rashin nauyi. Duba takardar da ke rataye ko wadda aka ɗinke a ciki. In babu rubutu, buɗe akwatin ka danna tsakiyar murfin da tafin hannu. Mai kyau zai lotsa ya taso shiru, marar kyau za ka ji yana ƙaƙas-ƙaƙas, wani ma har wurin ya yi fari. Na yadi kuma ana duba lambar da ke ƙarewa da D, wadda ke nuna kaurin zare: nailan mai 1680D ya fi foliyesta mai 600D daɗewa nesa ba kusa ba. Amfanin na yadi shi ne aljihun waje, inda za ka zaro kwamfuta da fasfo a wurin bincike ba tare da ka baje kayanka a gaban jama'a ba. Illarsa, yana shan ƙura da ruwa. Mai tauri da ƙyalle ɗaya za ka goge shi, amma rabi da rabi yake buɗewa, yana son wuri.

Yanzu sai taya, kuma nan ya kamata ka ɓata lokaci, domin ita ce ta fi saurin kashe akwati. Samfurin mai taya 2 da dogon mariƙi wani matuƙin jirgin Northwest Airlines ne, Robert Plath, ya ƙirƙiro shi a 1987, kuma har yau irinsa za ka fi gani a hannun matuƙa da ma'aikatan jirgi. Tayoyinsa manya ne, rabinsu a ɓoye cikin jikin akwati, saboda haka ba sa karyewa da wuri, ba sa kuma cin awo. Mai taya 4 kuwa yana juyawa ko ta ina, kana tura shi a tsaye a gefenka, hannu ba ya gajiya. A kan sumul ɗin daɓen filin jirgin Doha ko Istanbul babu kamarsa. To amma wanda zai sauko daga matakala ya taka kwalta zuwa ɗakin isowa, ya ja akwati kan tsakuwa har inda aka ajiye mota, shi mai taya 2 ya fi dacewa da shi. In ka nace sai mai 4, ka ɗauki wanda kowace ƙafa ke da taya biyu a haɗe.

Ga yadda ake gwada su. Kifa akwatin, ka murza kowace taya da yatsa. Mai boris a ciki za ta yi ta juyawa shiru na ɗan lokaci, marar boris za ta tsaya nan take ko ta riƙa karkaɗawa. Danna farce a jikinta: roba mai ɗan taushi ake so, busasshiyar roba mai tauri ƙara gare ta kuma tana farfashewa. Sannan ka zuge zif ɗin shafin ciki, wanda yawanci ba shi da abin ja, ka leƙa bayan tayar. Idan noti ka gani, ranar da ta lalace da sukundireba za a canza ta. Idan ƙusa ce aka daddatse, gyaran sai an huda, kuma ba kowane mai gyara ke yarda ya taɓa ba.

Mariƙin ja shi ne na biyu wajen mutuwa. Zaro shi har ƙarshe, mayar, sake zarowa, sau da yawa, da hannu ɗaya. Ya kamata ya kama da ƙas a kowane mataki. Ɗan motsi kaɗan ba laifi ba ne, da gangan ake barinsa don kada ya cije, amma in yana rawa kamar haƙorin da ya kusa fita, ajiye shi. Mai sanda biyu ya fi mai sanda ɗaya, don za ka iya ɗora jakar kwamfuta a kai. Ka tabbata kuma akwai mariƙin ɗauka a sama da a gefe, tunda da hannu biyu ake cusa akwati a ma'ajiyar da ke saman kujera.

Zif ka nemi mai manyan haƙora, in da hali mai tambarin YKK na Japan. Zuge shi ka zagaya kusurwoyi, nan ne yake cijewa. Akwai kuma zif na biyu da ke ƙara wa akwati ciki da kusan santimita 5. Yana da rana in za ka miƙa akwatin a kanta, amma da zarar ka buɗe shi ka fita daga awon hannu. Kwaɗon lamba mai jan tambari na TSA, wato hukumar tsaron sufuri ta Amurka, masu zuwa Amurka ya fi yi wa amfani, don jami'an can suna da mabuɗinsa, ba sai sun fasa ba. Kada dai ka dogara da shi: da bakin biro ana ɓarke zif na yau da kullum.

Akwatin da aka haɗa masa batirin cajin waya, ka tabbata batirin na cirewa. Tun Janairun 2018 kamfanoni da dama suka daina karɓar wanda ba ya fita. Dalili kuwa, batirin lithiyam na iya kamawa da wuta, shi ya sa ba a yarda fawa-banki ya shiga ƙarƙashin jirgi ba. Wannan ya shafi mai hawa ƙananan jirage irin su Embraer 145 da CRJ da ATR, waɗanda ma'ajiyarsu ba ta ɗaukar cikakken akwati, a gindin matakala ake karɓe shi. Saboda irin wannan rana, ka riƙa saka fasfo, kuɗi, magani, kwamfuta da fawa-banki cikin wata 'yar jaka da za ka zare cikin sauri.

Batun inda za a saya, ƙaramin akwatin da ke cikin saitin lefe don ado aka yi shi, ba zai jure tafiyar kowane mako ba. Sabo mai babban suna da aka yi maka araha fiye da kima, jabu ne. Na gwanjo mai asali sau da yawa ya fi shi, muddin ka yi masa gwaje-gwajen nan, ka kuma sansana cikinsa saboda fumfuna. Garanti kuma ka tambayi inda ake kai gyara, don takardar shekara 10 ba ta da amfani idan wakilin kamfanin yana wata ƙasa.

Kafin ka biya, roƙi mai shago ya zuba wani abu mai nauyin kilo 4 ko 5 a ciki, ka ja shi zuwa bakin titi ka dawo, ka ɗaga shi sama da kanka da hannu biyu, ka sake shi a tsaye ka ga ko zai kife ta gaba. Idan baƙi ka zaɓa, ɗaura masa ƙyalle mai launi a mariƙi, ka rubuta lambar wayarka a takarda ka saka a ciki.