Haɗa carbi tare da Kaka mai ciwon mantuwa

Ki je kasuwar Kejetia da ke Kumasi ki sayo manyan duwatsun ado 33 masu faɗin huda, da igiyar takalmi. Bakinta mai tauri ya fi zare sauƙin zurawa.

Da hantsi za ku zauna, don rikicewa kan ƙaru da yamma. A kashe rediyo. Ki ƙulle bakin igiyar ɗaya, ki zuba duwatsu biyar kawai a faranti.

Ki zura na farko tana kallo, sannan ki miƙa mata: "Kaka, bismillah." Hannun da ya saba jan carbi bai cika mantawa ba. In ta haɗa launi barkatai, ƙyale ta, ba gasa ake ba.

Ta kai dutse baki? A kwashe nan take. In ta gaji kuma, gobe a ƙarasa.