Yadda Za a Sauƙaƙa Haɗiyar Abinci Bayan Tiyatar Maƙogwaro da Gashin Cutar Daji

Wanda aka yi wa tiyata a maƙogwaro, sannan aka bi da gashin cutar daji (wato haska wurin da na'ura don kashe ƙwayoyin cutar), yakan tarar haɗiya ta zama aiki, domin gashin yana raunana halittun da ke samar da miyau, kuma naman wurin yakan yi tauri a hankali, wani lokaci bayan watanni ko shekaru. Saboda haka, muddin likita bai hana ba, kada majinyaci ya daina haɗiya gaba ɗaya, ko da an sa masa bututun abinci, don tsokar da aka bar ta zaune saurin sandarewa take yi.

A zauna a miƙe kafin a fara ci, a yi amfani da ƙaramin cokali, a haɗiye kowace loma sau biyu kafin a ƙara wata, kuma kada a kwanta sai bayan minti 30. Surutu a kan abinci a bar shi.

Mutane da yawa suna zaton ruwa ya fi komai sauƙi, alhali shi ya fi saurin ƙware mutum, saboda yana gangarawa kafin hanyar numfashi ta rufe. Kunun gyada mai ɗan kauri, kindirmo, faten dankali da aka dama sosai, da tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa sun fi dacewa, kasancewar yauƙin miyar yana maye gurbin miyau. Kilishi, ƙuli-ƙuli, dambu da yaji sai a haƙura da su tukuna. Fura ma, duk da daɗinta, sai an tace gudajin. Ci kaɗan-kaɗan sau 6 a rana ya fi cika kwano sau uku, a riƙa kuma auna nauyi kowane mako.

A kurkure baki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri bayan kowane ci, a goge haƙora da buroshi mai taushi, kuma kada a cire haƙori ba tare da an sanar da likitan haƙori cewa an taɓa yin gashi ba, domin ƙashin muƙamuƙi ba ya saurin warkewa.

Idan tari yana biyo bayan kowace kurɓa, ko murya ta koma kamar akwai ruwa a cikinta, ko zazzaɓi ya zo da sarƙewar numfashi, to a garzaya wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro, domin abinci yana iya zarcewa huhu ko da ba a yi tari ba.